Fitilun Yaya Leonard a Ɗakin Kajin Mama

Utako, Abuja.

Zuwa ga Yayana Leonard,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Perpetual da yarana Wisdom da Joy. Yaya aiki? Yaya ruwan Fatakwal, wanda ba ya sanin damina ta wuce? Allah ya ƙara maka ƙarfi, ya tsare ka a wurin aiki, ya raya mana yaran nan cikin tsoronsa. Mu a nan lafiya lau muke. Maigidana Michael ya warke daga zazzaɓin da ya kwantar da shi, har ya koma tuƙin tasinsa. Shagona ya fara cika da ɗinkin Kirsimeti, kowace mace tana rantsuwa nata ne na gaggawa. Mama kuma tana nan Ushafa, gwiwar dai tana taɓa ta in gari ya yi sanyi, amma tana ci tana sha, har ta dawo da yi wa mutane faɗa, wanda kai ma ka san alamar lafiya ce a wurinta.

Na san za ka ce me ya sami Kindness da rubuta doguwar takarda alhali ga waya. Dalilin shi ne na san halinka. In na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana ka riga ka yanke hukunci, sai kuma ka ce oga yana kiranka. Wannan kuwa dole ka karanta ta har ƙarshe, don haka ka samu wuri ka zauna, ka ce Anti ta ba ka ruwa. Labari ne mai daɗi, ni kaina tun da na ɗauki biro nake murmushi ni kaɗai kamar wata sabuwar amarya. Maganar kajin Mama ce, da shawarar da ka yanke a watan Agusta cewa a sayar da su kafin Kirsimeti, a rufe gidan Ushafa, Mama ta dawo wurina Utako da zama. Ina so ka janye wannan magana, Yaya, kuma in ka ji abin da ya faru na tabbata za ka janye da kanka.

Bari in faro daga farko, domin abin da ka sani guntu-guntu ne ta waya. Tun da gwiwa ta hana Mama ɗauko yumɓu ta bar ginin tukwane, kajin nan masu ƙwai ne suka riƙe ta. Su ke tashinta da safe, da su take hira, da su take zuwa coci da abin baikonta ba ta miƙa wa kowa hannu ba. Da ka zo Ista ka kawo mata manyan fitilun sola guda biyu, masu farantin tara hasken rana da rimot, irin waɗanda ke kunna kansu da magariba su kashe kansu in gari ya waye. Ka ce ɗaya a tsakar gida, ɗaya a ɗakin kaji, tunda an ce haske yana sa kaza yin ƙwai, wutar NEPA kuma a Ushafa sai ta ga dama. Ranar ai kamar biki aka yi. Mama ta kira maƙwabciyarta Magdalena ta nuna mata rubutun jikin kwalin, wat ɗari uku, ko da yake ita kanta ba ta san mene ne wat ba, ta dai san ɗari uku ba abin wasa ba ne. Ta yi ta faɗa wa matan zumunta cewa yanzu ko allura ta faɗi a ɗakin kajinta za a tsince ta.

Da farko komai lafiya, har ƙwai ya ɗan ƙaru, muka yi ta sa maka albarka. Da damina ta yi nisa sai Mama ta fara ganin kaji da bayansu a fige, da jini a gindin wutsiya. Wata safiya ta tarar da biyu a mace, an caccake musu baya har hanji ya fito. Nan take ta ce gafiya ce. Magdalena ta ce a'a, aikin tunku ne. Suka bi ɗakin suka toshe kowane rami da yumɓu da fasassun kwalabe, aka kafa tarko, aka aro kyanwa. Tarkon ko ɓera bai kama ba, kyanwar kuma ta yi ƙiba ta koma gidansu. To ga inda abin ya ƙara lalacewa. Mama ta yi tunani irin wanda ni ma zan yi, ta ce mugun abu duhu yake so. Sai ta sa aka ciro fitilar tsakar gida aka ƙara a ɗakin kajin, aka kuma sassauko da su biyun ƙasa-ƙasa don kada wani lungu ya rage. Ita ta koma lalube da tocila, kaji suna cikin haske fayau har safiya. Yaya, daga nan mutuwa ta ƙaru, ƙwai ya ja baya, kajin suka zama kamar masu taɓin hankali, da ka taɓa ƙofa sai su tashi fir su hau kan juna.

A lokacin ne ka yanke shawararka, kuma ban ga laifinka ba. Ka ji mahaifiyarka tana kwana a zaune da sanda tana gadin gafiya, ga gwiwa, ga asara, dole ranka ya ɓaci. Amma kai ba ka ga fuskarta ba da ta ajiye wayar. To kawai ta ce maka. Na ɗauko ta ta ɗan kwana biyu a wurina don ta fara sabawa, kuma gaskiya na ji tsoro. Ka san gidan namu a sama yake, ga tashar mota a gindinmu, tun asuba ’yan kamasho ke ihun Jos da Kaduna da Legas. Mama ta hau benen sau ɗaya ta ce ba za ta sauka ba sai ranar tafiya. Ta wuni a bakin taga hannu a cinya, matar da ba ta iya zama minti biyar ba ta sami abin yi ba. Ko faɗa ba ta yi mini ba, har da na ƙona miya. Ƙofata a buɗe take gare ta kullum, Allah ya sani, amma in ta dawo nan da zama ba za mu daɗe da ita ba, kuma ban faɗi wannan da wasa ba.

Ana cikin haka Allah ya kawo wata mata shagona, Dakta Rabi’atu, likitar dabbobi ce, na daɗe ina yi mata ɗinki. Ta ga ina auna ta ina maimaitawa kamar sabuwar koyo, ta tambaye ni lafiya. Ni kuwa dama a cike nake, na zazzage mata komai, na nuna mata hotunan kajin a wayata. Ta ƙura wa hotunan ido, ta tambaya ko an taɓa samun wadda aka cije a wuya ko aka ja ta waje. Na ce ko ɗaya, duk a baya ne. Ta tambayi abincinsu, ta tambayi ruwa, ta tambayi yawansu da girman ɗakin. Can sai ta ce wace irin fitila ke ɗakin, kuma ƙarfe nawa ake kashewa. Na gyara tsayuwa cikin alfahari na ce ai ta wannan fannin ba mu da matsala, yayana ya kawo manya biyu daga Fatakwal, kwana suke a kunne. Sai na ga ta dafe kai. Ta ce ranar Asabar in shirya za ta kai ni Ushafa da motarta, tana so ta gani da idonta, kuma sai mun tsaya har magariba ta yi.

Muka je da la’asar. Mama ta tare ta da fuska a ɗaure, ka san ta da baƙon da ya zo duba mata kaya, ta raɗa mini wai yarinyar nan mai takalmi mai tsini me ta sani game da gafiya. Dakta ba ta damu ba, ta canza takalmi ta shiga, ta ɗaga kaji ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Sannan ta ce mu tsaya a bakin taga mu yi shiru mu kalla. Yaya, da idona na gani! Wata kaza ta tsuguna za ta saki ƙwai, bayanta ya ɗan buɗe ja, sai wata ta zo ta kai mata sara, kafin ka ce me uku sun rufe ta. Mama ta saki salati irin na maƙwabtanmu Musulmi ba ta ma sani ba. Ashe babu gafiya babu tunku, kajin ne ke cin junansu. Da magariba ta yi fitilunka suka kama, Dakta ta ciro wata ’yar na’ura daga jakarta, kamar ƙaramar waya mai farin ido a kai, ta ajiye ta daidai bakin mazubin abincinsu. Lamba ta fito, ɗari shida da wani abu. Ta ce wannan shi ne luks, kuma abin da kaza mai ƙwai ke bukata a wurin bai wuce ashirin ba, in ya yi yawa talatin.

To a nan ne karatu ya fara, a kan tabarma a tsakar gida, kuma ka saurara da kyau domin yanzu ni malama ce. Dakta ta ce mu duka muna sayen fitila da wat, alhali wat ba awon haske ba ne ko kaɗan. Wat awon wutar da fitila ke ci ne. Ta ce kamar ka ɗauki ɗan ƙwadago ne ka ce ya iya noma saboda yana cinye malmala uku. A zamanin tsofaffin ƙwan lantarki masu zafin nan duk iri ɗaya ne, mai ci da yawa shi ke haske da yawa, shi ya sa muka saba. Na yanzu kuwa wani yana cin kaɗan ya ba da haske mai yawa, wani kuma rubutun kwalinsa cika baki ne kawai. Abin da ke faɗa maka yawan hasken da fitila ke fitarwa gaba ɗaya shi ne lumen, kuma yana nan a jikin kwali da ƙananan baƙaƙe, a gefen da ba wanda ke dubawa. Mama ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalin fitilarka, wanda ta adana a ƙarƙashin gado kamar takardar fili, muka juya shi muka duba. Ga shi nan kuwa a ƙasa, lumen dubu biyar, kuma irinta biyu muka rataya wa kaji a ɗaki mai mita huɗu da mita shida.

Luks ɗin ne ya ɗan ba ni wuya. Na ce in lumen shi ne hasken, to mene ne kuma na luks, ko dai Turawa ne ke son wahalar da mutane. Dakta ta ce lumen abin da ya fito daga fitila ne, luks kuma abin da ya sauka a wurin da kake bukatarsa, wato lumen nawa ya faɗa a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Ina ta juya ido ban gane ba, sai Mama, wadda nake zaton ba ta ma saurara, ta ce ai wannan ba wani abu ba ne. Ta ce mudun dawa ɗaya ne, in ka zuba shi a faifai zai yi tudu, in ka watsa shi a tsakar gida kaza sai ta yi yawo kafin ta sami ƙwara. Mudun shi ne lumen, kaurin da ya yi a ƙasa shi ne luks. Dakta ta tafa hannu ta ce wallahi ita za ta riƙa faɗa wa manoma haka daga yau. Daga nan fa fuskar Mama ta saki, har ta aika a kawo wa baƙuwa kunu. Dakta ta nuna mana da na’urar cewa in ka nisanta daga fitila ninki biyu, hasken ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ka ga ke nan sassauko da fitilun da aka yi ya ninka wa kajin wahala. Akwai ma na huɗu, kandela, wanda ke auna ƙarfin haske ta fuska ɗaya, irin na tocila ko fitilar mota, amma ta ce wannan mu bar wa Michael da tasinsa.

Na san abin da za ka ce, domin ni ma na faɗa. Na ce ai rana ta fi fitilar yayana haske nesa ba kusa ba, me ya sa kajin duniya ba su cinye junansu ba. Ta ce gaskiya ne, rana tsaka a fili tana kaiwa dubun-dubatan luks. Amma kazar da ke yawo tana da inuwa, tana da gindin rumbu, in za ta yi ƙwai tana neman lungu mai duhu, in dare ya yi kuma ta yi barci. Ɗakin kajin Mama yana ƙarƙashin mangwaro, ga buhunan da ta rataya a tagogi, don haka da rana hasken ciki daidai yake. Da fitilun suka zo sai kajin suka rasa dare gaba ɗaya, wata da watanni ba hutu, ba lungun ɓuya, ko ɗigon jini ya fito duk ɗakin na gani. Ta ce haske yana taimaka wa ƙwai, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, amma kaɗan ake so, na ’yan awoyi bayan faɗuwar rana, sannan a kashe su samu duhu sosai kamar awa takwas. Ta kuma ce ba kullum haske ne ke jawo wannan ba, cunkoso da ƙarancin abinci mai gina jiki ma suna sawa, sai dai na Mama ta duba duk waɗannan ba ta ga matsala ba.

Kada ka ɗauka Mama ta yarda nan take. Da aka ce a cire fitilun sai ta murtuke, ta ce kyautar ɗanta ce, ya ɗauko tun daga Fatakwal a kan cinyarsa, ba mai sa ta ta jefar. Ka ji fa, kajinta na mutuwa amma damuwarta kada ranka ya sosu. Dakta ta ce wa ya ce a jefar, ai fitilun masu kyau ne, na fili ne aka kulle a ɗaki. Washegari Michael ya hau tsani ya mayar da ɗaya tsakar gida, can sama a jikin mangwaro, ɗayar kuma ya kafa ta a ƙofar gida tana kallon filin da Magdalena da sauran matan ke jera tukwanensu kafin gashi. Zo ka ga murna! Yanzu da yamma nan ake taruwa, masu goge tukwane suna yi, masu ɓare gyaɗa suna yi, kowa ya wuce sai ya ce Allah ya yi wa Leonard albarka. Sunanka ya fi na kansila tashe a unguwar nan.

Sai sayen sababbin fitilu, kuma a nan ne na nuna bajinta. Dakta ta lissafa ta ce ƙanana biyu za su isa, kowace lumen ɗari huɗu ko kusa da haka, masu haske ruwan ɗorawa ba fari tas ba, a rataye su sama, kuma masu makunni don Mama ta riƙa kashewa da hannunta. Na shiga kasuwar Wuse shagon wani Mubarak mai kayan wuta. Da ya ji na kaji ne sai ya fara sauko da manya, wai madam ga wat ɗari biyu, ga wat ɗari biyar, wannan ko filin ƙwallo zai haska. Na ce ni lumen nake tambaya. Ya ce wannan kamfanin ba su kawo shi ba tukuna. Dariya ta kusa kayar da ni! Na karɓi kwali na juya na nuna masa da yatsa, muka shiga jera kwalaye a kan kanta muna dubawa tare, shi da kansa yana mamaki, don mun sami wata mai wat babba da lumen ɗinta bai kai na wata ƙarama ba, wasu kuma ba su rubuta komai ba sai hoton rana. Mutumin kirki ne, bai ji haushi ba, har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani. Na fito da ’yar sola mai ƙananan fitilu biyu, ina tafiya ina jin kaina kamar injiniya.

Wurin yin ƙwai kuma Mama da Magdalena ne suka warware shi. Dakta ta ce dole ya zama da duhu don kada sauran su ga bayan mai yin ƙwai, ta ce a sa kafinta ya yi akwatuna. Mama ta ce kafinta na me, a Ushafa? Suka bi gida-gida suka tattaro manyan tukwanen da suka tsage a wurin gashi, waɗanda ba sa riƙe ruwa, suka kwantar da su a jere bakinsu na kallon bango, suka zuba ɗan ƙaiƙayi a ciki. Dakta ta sa na’urarta a cikin ɗaya, lambar ta kusa komawa sifili, ta ce ko a littafi ba ta ga wanda ya fi wannan ba, ga shi da sanyi. Da aka rataya sababbin fitilun ta sake aunawa a bakin mazubin abinci, luks ashirin da biyu. Mama ta leƙa ta ce wannan ai duhu ne, ko fuskar kaza ba ta gani sosai. Dakta ta ce in dai mutum zai iya karanta manyan baƙaƙen jikin buhun abinci, to ya ishe su.

Ba zan yi maka ƙarya in ce washegari komai ya gyaru ba. Kazar da ta saba da sara ba ta bari da wuri. An ware masu rauni aka shafa musu magani, aka kama ’yan ta’addan cikinsu guda huɗu da suka ƙi tuba, biyu sun shiga tukunya, biyu Mama ta kai wa fasto. Makon farko an ƙara rasa ɗaya, na ce shi ke nan na tara wa tsohuwa bege a banza. Amma daga ita ba a sake ba. Yaya, tun ƙarshen Satumba ba kaza ko ɗaya da ta mutu! Gashi yana tsirowa a bayansu, in ka shiga ɗakin sai ka ji ’yar ƙuƙ-ƙuƙ ɗinsu a hankali, ba wannan ihun ba. Ƙwai bai koma kamar da ba tukuna, amma kullum ƙaruwa yake, har mai shayin bakin titi da ya koma saye a Bwari ya dawo da kiret ɗinsa yana ba da haƙuri. Mama tana kashe musu fitila bayan ta ci tuwo, ta yi addu’a, ta kwanta ta yi barci har safe. Sandar gadin ta koma aikinta na dogarawa.

Ni kuwa abin ya zame mini kamar ciwo. Dakta ta sa mini wata manhaja a waya mai auna luks, ta gargaɗe ni cewa ba ta kai na’urar gaskiya daidai ba, kintace ne kawai, amma ina! Ba inda ban auna ba. Na auna kicin, na auna matakalar bene, na auna bencin ’yan kwaya masu waƙa a coci har Mabel mai ba da waƙa ta harare ni. Da na auna kan keken ɗinkina na sami ɗari da ’yan kai, alhali ɗinki yana son ɗari biyar ko fiye. Shekara nawa ina fama da ciwon kai in na ɗinka baƙin yadi, ina cewa maitar abokan sana’a ce. Ban sayi komai ba, igiya kawai na ƙara na sauko da fitilar daidai kan keken, lambar ta haura. Michael ya ce in na ƙara kai masa waya kusa da fuska ina aunawa zai kai ƙarata wurinka. Kai ma ka shirya, har ɗakin karatun su Wisdom sai na sa ka auna ka faɗa mini.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu. Asabar da ta wuce na je Ushafa, na shiga ɗakin Mama neman wuƙa, sai na ga babban akwatinta na ƙarfe a bayan ƙofa, an ɗaure shi da igiya. Zannuwanta na coci, hoton Baba, Littafinta Mai Tsarki, duk suna ciki. Zane biyu kawai ta bari a waje, tana wanke ɗaya tana ɗaura ɗaya. Na ce Mama mene ne haka, ai kaji sun warke. Ta ce ta sani, amma tun da Baba ya rasu kai ne babba a gidan, kai ka ce ta tashi kafin Kirsimeti, kuma ba ta ji ka ce ta zauna ba. Na ce ni na ce ta kwance. Ta ce ni ƙanwa ce. Na roƙe ta ta kira ka ta faɗa maka da bakinta, ta ce ba za ta sa ɗanta ya ji kunyar kyautarsa ba, gara ta hau benen Utako. Na fito bayan ɗaki na yi kuka mai isata. Kullum da safe tana kwashe ƙwai tana waƙa, ta dawo ɗaki ta tsallake akwatin nan ta wuce.

Ka gaishe mini da Anti Perpetual da kyau, ka ce mata ɗinkinta yana nan na ajiye mata yadi mai kyau. Ka shafa mini kan Wisdom da Joy, ka ce Kaka tana ajiye musu ƙwai. Michael yana gaishe ka, Magdalena ta ce in gaishe ka har sau biyu, Dakta Rabi’atu ma ta ce a gaida mai fitila. Mama ba ta aiko da gaisuwa ba don ba ta san na rubuta ba, kuma kada ka faɗa mata. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada zan kasance a Ushafa, zan tabbatar wayarta da caji kuma tana hannunta. Ka kira ta, Yaya. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce mata kawai ta kwance akwatin. Ni zan riƙe mata igiyar.

Allah ya bar mu tare, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Kindness